Yaya ake samun dutsen giranit a inda nahiya take tsagewa?

Tambaya: "Malam, ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a aji biyu na jami'a. An koyar da mu cewa giranit yana samuwa ne a inda nahiyoyi suka yi karo, ɓawon ƙasa ya yi kauri ya narke. Sai kuma aka ce mana duwatsun Jos da na Riruwai giranit ne, amma ba karo ne ya haife su ba, sun samu ne lokacin da nahiya take miƙewa tana neman tsagewa. Abin da na sani shi ne baƙin dutse ke fitowa a inda ƙasa ta tsage. To, daga ina giranit ɗin ya fito? Kuma me ya sa ake ce musu ƙanana alhali sun haura shekara miliyan ɗari?"

Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma ka sa yatsa a kan wurin da masana suka daɗe suna ja-in-ja. Idan na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne wannan: tsagewar nahiya tana narkar da abin da ke can ƙarƙashin ɓawon duniya, wato mantil, kuma mantil idan ya narke basalti yake bayarwa, baƙin dutse mai nauyi wanda silika a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin farin yashi, ba ta wuce kusan kashi 50 cikin ɗari ba. Giranit kuwa dutse ne mai haske, silikarsa takan kai kashi 70 ko ta haura. Babu yadda za a narka mantil kai tsaye a samu giranit. Saboda haka dole akwai wani mataki a tsakani, kuma wannan matakin shi ne duk maganar.

Bari in fara sallamar tambayarka ta biyu, domin ita ce mai sauƙi. Sunan ya samo asali ne daga J. D. Falconer, wanda ya wallafa bayaninsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911. Ya lura cewa akwai giranit iri biyu a ƙasar: wanda yake a cakuɗe da tsofaffin duwatsun gindin ƙasa, da kuma wanda ya keto su ya ratsa daga baya, da baki mai kaifi kamar an yanka da wuƙa. Wanda ya yanka ai shi ne ƙarami. Daga baya, da aka samu hanyar auna shekarun dutse, sai aka ga Falconer ya yi daidai. Manyan sun samu ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin babban karon da ya haɗa gutsattsarin Afirka wuri ɗaya, kuma irinsu ne Dutsen Kufena na Zariya. Su ne giranit ɗin karo da aka koya maka a aji. Ƙananan kuwa, a Nijeriya, sun faro daga wajen shekara miliyan 213 a Dutse ta Jigawa zuwa wajen miliyan 141 a Afu, kusa da kwarin Binuwai. Ƙanƙantarsu ta dangantaka ce kawai, kamar dattijo mai shekara saba'in da har yanzu yayansa ke ce masa yaro.

Abin da ke faruwa idan nahiya ta miƙe

Ɓawon nahiya yakan kai kaurin kilomita 35 zuwa 40, a ƙarƙashinsa kuma akwai sandararren sashen mantil da ke manne da shi. Idan aka ja wannan duka daga ɓangarori biyu, sai ya siranta, mantil mai zafi da ke can ƙasa ya taso ya cike gurbin. Dutsen da ke tasowa ba a ƙara masa wuta ba, nauyin da ke danne shi ne ya ragu, kuma raguwar matsi kaɗai ta isa ta sa wani ɗan kaso nasa ya narke. Abin da ya narke shi ne basalti, mai zafin da ya kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos.

A nan ne ɗalibai da yawa suke yin kuskure, domin suna zaton duk basaltin da ya narke sai ya fito sarari. Ba haka ba ne. Narkakken basalti yana da nauyi, ɓawon nahiya kuma bai kai shi nauyi ba, don haka mafi yawansa yakan maƙale a gindin ɓawon ko a cikin ƙasansa, ya shimfiɗu ya kwanta. To, ka ɗora tukunya a kan murhu ke nan. Duwatsun ƙasan ɓawo suna fara narkewa tun zafi bai kai digiri dubu ba, ga shi an kwantar musu da abu mai digiri 1,200 a ƙarƙashi, kuma ana ta ƙaro sabo shekara dubbai. Daga wannan yanayi guda ɗaya ne hanyoyin samun giranit suka rarrabu.

Hanya ta farko ita ce basaltin da kansa ya rikiɗe. Yayin da yake hucewa a hankali, ma'adanan da ke cike da magniziyom da kalsiyom su ne suke fara daskarewa, su nutse ko su manne a bango, ruwan da ya rage kuma ya yi ta ƙara yawan silika da sodiyom da fotasiyom, kamar yadda ake tace gasara dusa ta tsaya a rariya. Idan aka yi ta tacewa, a ƙarshe abin da zai rage giranit ne. Matsalar wannan hanya ita ce lissafi. Abin da ke saura bai fi kashi ɗaya cikin goma na basaltin da aka fara da shi ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Ke nan duk inda ka ga tudun giranit, sai a tambaye ka ina ninkinsa tara na baƙin dutsen da aka tace. A tsaunukan Ayar na Nijar amsar tana bayyane, domin akwai gabro, wato basaltin da ya huce a can cikin ƙasa, da ɗan'uwansa farin dutsen anotosait masu yawa tare da giranit ɗin. A Filato kuwa baƙaƙen duwatsun da ke sarari kaɗan ne ƙwarai, wanda ke riƙe da wannan ra'ayi sai dai ya ce suna can a binne.

Hanya ta biyu ita ce ɓawon nahiya ya narke saboda zafin da aka kwantar masa. Dutse ba ya narkewa gaba ɗaya lokaci guda. Kamar nama ne a kan wuta, kitse ke fara tsiyaya tsoka tana nan. Abin da ke fara tsiyaya daga duwatsun ɓawo shi ne haɗin ma'adanan kwaz da felsifa, wato ainihin kayan giranit. Wannan kuwa tun gwaje-gwajen Tuttle da Bowen da aka wallafa a 1958 aka tabbatar da shi a ɗakin bincike. Rigimar ita ce wane irin ɓawo ne ya narke. A 1982 Collins da abokan aikinsa, suna nazarin duwatsun kudu maso gabashin Ostireliya, suka ce saura ne, wato ɓawon da aka riga aka tatse giranit daga jikinsa sau ɗaya, ya bushe, sannan aka sake narka shi da zafi mafi tsanani. Ra'ayin ya yi farin jini domin ya bayyana dalilin rashin ruwa a irin wannan giranit. Amma a 1991 Creaser da abokansa suka kawo sukar da ni a ganina ba ta da amsa mai sauƙi: wanda ya matse gyaɗa ya cire mai, in ya koma kan tunkuza ba zai cika kwalba ba. Ɓawon da aka tatse ya riga ya rasa silika da fotasiyom, alhali giranit ɗin da muke magana a kai cike yake da su. Su sai suka ce tsohon dutsen tonalait ko giranodayorait ne, dangin giranit, wanda ba a taɓa tatsa ba, ya narke. Gwajin da Patiño Douce ya wallafa a 1997 ya nuna cewa idan aka narka irin waɗannan duwatsu a matsi kaɗan, wato ba can da zurfi ba, ana samun ruwan dutse mai kama da abin da muke nema.

Hanya ta uku gauraye ce, kuma ita na fi karkata gare ta a kan duwatsunmu. Basalti yana tacewa, yana kuma narkar da bangon da ke kewaye da shi yana haɗiyewa, zafin da ke fita daga daskarewarsa shi ne ke biyan kuɗin narkewar bangon. A ƙarshe abin da ya taso sama ɗa ne mai iyaye biyu, kuma gadon kowane tudu ya bambanta da na maƙwabcinsa.

Yadda ake gane shi

A 1974 Chappell da White suka raba giranit gida biyu bisa ga abin da ya narke ya haife shi. A 1979 Loiselle da Wones suka ƙara wani gida da suka laƙaba wa harafin A, suna nufin giranit ɗin da ba na karon tsaunuka ba, mai ƙarancin ruwa, mai yawan sodiyom da fotasiyom. Duwatsun Nijeriya da Nijar suna cikin misalan da duniya ta fi ambato a wannan gida.

Alamominsa ba boyayyu ba ne. Ƙarfe ya rinjayi magniziyom a cikinsa nesa ba kusa ba, kalsiyom kaɗan ne, sannan yana tara abubuwan da giranit na karo bai cika tarawa ba, irin su zakoniyom da nayobiyom da galiyom da fulorin. Ya fi zafi kuma. Giranit mai jiƙe da ruwa yakan narke tun wajen digiri 650 zuwa 700, wannan kuwa yakan kai 850 har ya haura 900. Rashin ruwa da yawan zafi su ne suka ba shi damar tasowa har kusa da doron ƙasa bai daskare a hanya ba, fulorin kuma ya tsinka shi ya rage masa kauri. A hannu, wani lokaci za ka ga felsifa iri ɗaya ce kawai a cikinsa maimakon biyu, wadda alama ce ta daskarewa cikin zafi da ƙarancin ruwa. Wasu nau'o'insa suna ɗauke da ma'adanai masu shuɗi-baƙi irin su ribekait da afedsonait, wasu kuma da fayalait, wanda ɗan dangin ma'adanin olibin ne mai ƙarfe zalla. Ranar farko da na ga fayalait zaune kusa da kwaz a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗauka na rikita samfur, domin a aji an nuna mana cewa dangin wannan ma'adani ba sa zama da kwaz. Mai magniziyom ne ba ya zama, mai ƙarfe yana zama lafiya lau.

Sai siffar da suke yi a ƙasa, wadda ita ce ta fi burge ni. Yawancinsu zobba ne. Narkakken dutse ya taru a ɗaki mai zurfin 'yan kilomitoci, ya yi aman wuta mai tsanani ya zubar da toka da rayolait, dutsen aman wuta mai sinadarin giranit, rufin ɗakin ya rufta ya nutse a bisa tsaga mai kewaye, sauran ruwan dutsen ya bi tsagar ya daskare ya zama zobe, daga baya giranit ya taso ya cika tsakiya. Jacobson da MacLeod da Black ne suka yi cikakken bayanin waɗannan zobba a 1958. Akwai fiye da hamsin a Nijeriya. A arewa, kamar Ningi da Burra da Riruwai, har yanzu duwatsun aman wutar suna nan a cikin zoben, amma da ka gangara kudu zaizaya ta cinye su, gindin kawai ya rage. Ke nan wanda ya yi tafiya daga Ningi zuwa Afu kamar yana sauka ne daga saman dutse mai aman wuta zuwa cikin cikinsa. A Ayar akwai zoben Megwer-Megwer, wanda faɗinsa ya kai wajen kilomita 65, yana cikin mafiya girma a duniya.

Kuzar da ta tara jama'a a Jos da Bukuru daga waɗannan duwatsu take. Ruwan ƙarshe mai zafi da fulorin da ya rage bayan giranit mai baƙar maika, ma'adani mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, ya daskare shi ne ya kwashe kuza da nayobiyom ya zuba su a rufin dutsen da cikin tsagoginsa. Damina ta shekara miliyoyi ta farfasa rufin ta tara kuzar a rafuka, inda maƙeran Riruwai suke wanke ta suna narkawa tun kafin Turawa su fara haƙa a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait, ma'adanin da ke ɗauke da nayobiyom, daga wannan gida ɗaya.

Gyara kaɗan ga abin da aka gaya maka

An ce maka sun samu lokacin da nahiya take neman tsagewa. Kalmar "neman" ita ce daidai, kada ka yar da ita. Duwatsun nan ba a cikin kwarin tsaga suke ba. Kwarin Binuwai, wanda shi ne tsagar gaske, ya buɗe ne a farkon zamanin Kiretashiyos, tare da rabuwar Afirka da Amurka ta Kudu, wato daidai lokacin da zoben ƙarshe yake hucewa ko bayansa kaɗan. Jerin kuwa ya faro tun da daɗewa. Na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo wajen miliyan 300, na Jos wajen 160 zuwa 170. Shekaru suna raguwa daga arewa zuwa kudu a tsawon fiye da kilomita dubu.

Wannan jeri ne ya sa tun farkon shekarun 1970 wasu suka ce wani tushen zafi ne tsayayye a cikin mantil, nahiya tana wucewa a kansa kamar yadda ake jan tsumma a kan fitila. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma ban gamsu da shi ba. Tafiyar ta ɗauki fiye da shekara miliyan 250, ba a jere take sumul ba, tsalle take yi ana dogon shiru a tsakani, kuma a cikin Nijeriya zobban sun jeru ne a kan layuka da suka karkata gabas da yamma, kowane layi da shekarunsa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tsofaffin tsagogin da karon shekara miliyan 600 ya bari a cikin ɓawo suna farkawa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da jan da ake yi wa nahiyar ya sauya fuska, kowace ta buɗe ƙofa na ɗan lokaci ta rufe. Miƙewa ce, amma ba ta kai ga tsagewa ba sai a ƙarshe.

Idan kana son ganin irin wannan giranit a cikin tsaga sosai, sai ka dubi kwarin Oslo na ƙasar Nowe, wanda ya buɗe wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, da basalti da sayanait (ɗan'uwan giranit mai ƙarancin kwaz) da giranit da zobba duk a wuri ɗaya. Idan kuma kana son ganin abin yana faruwa yau, kwarin Habasha ne makarantar. A can basalti da rayolait suna fitowa kafaɗa da kafaɗa, duwatsun da ke tsakaninsu a sinadari kuwa kaɗan ne, kuma rayolait ba komai ba ne illa giranit ɗin da ya fito sarari ya huce da sauri. Abin da ke hucewa yanzu a ƙarƙashin dutsen Fantale, bayan shekara miliyoyi, wani zai taka shi kamar yadda muke taka duwatsun Kudaru, ɗaya daga cikin zobbanmu.

Tsofaffi na gaske

Tunda ka yi maganar tsufa, ka sani namu jarirai ne a dangin. A kudancin Finlan da makwabciyarta Rasha akwai giranit da ake kira rafakibi, kalmar da a harshensu take nufin dutse mai ruɓewa, wanda Sederholm ya yi bayaninsa a 1891. Babban tudunsa na Bibog ya kai wajen shekara biliyan 1.6. Ana gane shi da manyan ƙwallayen felsifa ja masu farin zobe a gefe, kuma daga shi aka sassaƙa dogon ginshiƙin Alezanda da aka ƙaddamar a birnin San Fitasbag a 1834. Yana tare da gabro da anotosait da jerin tsagogi cike da baƙin dutse, ɓawon da ke ƙarƙashinsa kuma ya fi na kewaye siranta, alamun da duk suke nuna miƙewa. Awon aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi, ya nuna yawancin jikinsa tsohon ɓawon yankin ne da ya narke. Amma a 1997 Frost da Frost suka ce irin wannan giranit mai ƙarancin iskar oksijin yana iya fitowa daga basaltin da ya kwanta a gindin ɓawo, ya daskare, aka sake narka shi. Ka ga an koma kan rigimar farko, sai dai da sabuwar riga. Eby ma a 1992 ya raba gidan A biyu, ɗaya mai kama da abin da mantil ke bayarwa a tsakiyar nahiya, ɗaya mai ɗanɗanon ɓawo, kuma namu na Nijeriya yawanci a na farko ake sa su.

Inda awo yake tsayawa

Hanyar da muke bi mu raba gardama ita ce aisotof. Mantil yana da tambarinsa: rabon istironshiyom 87 da 86 a cikinsa yana wajen 0.703 zuwa 0.705, tsohon ɓawo kuwa ya fi haka. Da aka auna namu, wasu sayanait sun faɗo kusa da na mantil, wasu giranit sun yi sama da nisa. Da sauƙi mutum ya ce to shi ke nan, ga na mantil ga na ɓawo. Amma istironshiyom kaɗan ne ƙwarai a waɗannan duwatsu, saboda haka ɗan ruwan zafi da ya ratsa su bayan sun daskare ya isa ya ɓata tambarin. Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Na kwaso samfura daga wani tudu kusa da tsohon ramin kuza, domin a nan ne hanya ta fi sauƙi, sakamako ya fito yana nuna ɓawo zalla, har na fara rubutu. Sai da na koma kan yankakken dutsen a madubi na ga ruwan zafi ya riga ya sauya felsifar da maikar gaba ɗaya. Tarihin ruwan na auna, ba na dutsen ba. Shi ya sa yanzu an fi dogara ga zakon, ƙaramin ma'adanin da ruwa bai cika taɓa shi ba, wanda ke ba da shekaru ta hanyar yuraniyom da dalma, ya kuma ba da labarin asali ta hanyar hafniyom da oksijin.

Ko da zakon akwai iyakar da ba a tsallakewa. Idan basalti ya fito daga mantil ya daskare a gindin ɓawo, bayan ɗan lokaci aka sake narka shi, tambarinsa na mantil ne, alhali abin da ya faru narkewar ɓawo ce. Awo ba zai raba maka wannan da tacewa kai tsaye ba. Kuma babu wanda ya taɓa haƙa rami ya kai gindin ɓawon nahiya, rijiyar Kola ta Rasha da ta fi kowace zurfi ta tsaya ne a ɗan sama da kilomita 12. Duk abin da muke faɗa kan abin da ke kilomita 35 ƙarƙashin Jos daga awon nauyin ƙasa da girgizarta da sinadarin abin da ya taso muke ciro shi.

In ka samu zuwa Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, kada ka tsaya a bakin tsohuwar ma'adana. Ka fara daga wajen zoben, inda tsohon dutsen gindi yake, ka ratsa bakin tsagar, ka hau kan rayolait, sannan ka gangara cikin giranit mai baƙar maika har zuwa jijiyar kuzar da ta miƙe gabas da yamma wajen kilomita biyar. A kowane mataki ka sa guduma ka fasa har sai ka kai inda dutsen yake sabo yana ƙara kamar ƙarfe, ka rubuta wanne ya yanka wanne, ka kuma duba ko akwai dunƙulen baƙin dutse masu gefe lanƙwasasshe a cikin mai hasken, domin in ka same su, shaida ce cewa ruwan dutse biyu sun haɗu tun suna narke.